Mita Ɗari Biyu da Ashirin

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya yi wa Goggo Glenys Trevaskis rasuwa a ƙaramin asibitin garinmu Wandaling, tana da shekara saba'in da tara. Mun binne ta ranar Juma'a a maƙabartar bayan coci, alkama ta yi kore shar ta kowace kusurwa, a tsakiyar lokacin wasan da ta fi so a duniya. Mai buga takardar labaran gari ya ce in rubuta wani abu a kanta, wai ni na fi kowa saninta a harkar golf. Ya roƙe ni in faɗi gaskiya. To ga ta nan, sai ya buga yadda take.

Goggo, da kin ga jana'izarki da kin yi tsaki. An sauke tutar kulob ɗinmu na golf zuwa rabin sanda. Maza shida suka ɗauki akwatinki, huɗu daga cikinsu 'yan kwamitin da suka ƙwace miki yara ne, na biyar kuma mijina Warrick. Shugaban kulob ya tashi ya ce daga baɗi za a sa kofin 'yan mata da sunanki, aka yi ta gyaɗa kai. Ihu bayan hari ke nan. Babu wanda ya tambaye shi su wa za su yi takarar kofin, alhali shekara huɗu rabon da a ga yarinya riƙe da sanda a filin nan.

Shekara talatin da ɗaya kika yi a gidan waya, kin san rubutun hannun kowa da nauyin wasiƙar kowa. Amma a fili muka fi saninki. Filinmu ba shi da lallausar ciyawar nan ta birni a bakin ramuka, yashi ne da aka cuɗa da mai, sai mutum ya ja manjagara ya share wa ƙwallonsa hanya kafin ya tura ta rami. Duk ranar Alhamis ke kike zagaya da'irori goma sha takwas ɗin nan kina baje yashinsu, don maza su tarar da su sumul ranar Asabar. Asabar tasu ce, mata sai Laraba, ranar da 'yan mata ke makaranta. Shekara uku kina zuwa taron kwamiti da kekenki da jakarki kafin su yarda yara mata su shiga fili ranar Asabar, shi ma sai an ga ƙeyar namiji na ƙarshe.

A irin wannan yammacin kika ga 'yata Tegan, tana da shekara tara, tana dukan busasshen kashin tumaki da reshe a bakin shinge. Kika tsaya kina kallo har ta tsargu.

"Ke 'yar gidan Harbutt, wa ya koya miki juya kafaɗa haka?"

"Ba kowa, Goggo."

"To kada ki bari kowa ya koya miki. Zo nan."

Mako na zagayowa kin sa an yanke miki tsohuwar sandar marigayi mijinki daidai tsawonta. Tun daga nan kika ɗauke ta kamar jikarki. Kina da wata igiya mai ƙulli a kowace mita goma, da ita kike auna bugun yara, kuma ba ki taɓa ƙara wa yarinya taku ɗaya don ta ji daɗi ba. Tegan takan dawo gida tana ƙunƙuni, wai Goggo ta hana ta mita biyu. Ke kika riƙa kai ta gasa birnin Perth a tsohuwar motarki, tafiyar awa huɗu, da burodi da naman tunkiya mai sanyi da shayi a flas, mu muna gona. Ranar da ta fara taka ciyawa ta tura ƙwallo da ƙarfin da ta saba a yashi, ƙwallon ta wuce rami ta gangara cikin ruwa, 'yan matan birni suka rufe baki suna dariya. Kika ce mata, yadda za su ji, "Bar su su ƙoshi, wanda ya koyi tafiya a yashi ba ya gajiya a kan siminti." Bayan shekara uku yawancinsu bayanta suke kallo.

Da ta kai sha bakwai kika zo mana da maganar Amurka. Jami'o'in can suna ɗaukar 'yan mata su yi karatu suna buga musu wasa, kuma ga 'yar manomi daga Wandaling ba wata ƙofa da ta kai wannan faɗi. Sai dai kowace koci gurbi biyu ko uku gare ta a shekara, wasiƙu kuwa ɗaruruwa daga ko'ina a duniya. Kina da shekara saba'in da biyar kika zauna gaban kwamfutar laburare kina latsawa da yatsa ɗaya har kika haddace dokokinsu, kika fitar da sunayen jami'o'i arba'in. Kika ɗauki Tegan bidiyo. Kika rubuta takardar bayaninta da hannunki, da rubutun nan naki mai kama da na bugawa, kika kawo mini don ni ke buga takardu a ofishin makaranta.

"Shafi ɗaya, Noelene," kika ce. "An ce mutanen nan ba sa juya takarda."

Na buga, sai ta zarce shafi da layi ɗaya tal. Na duba inda zan rage, idona ya sauka a kan inda kika rubuta: nisan bugunta mita 220, wato yadi 240 a ma'aunin Amurka. Na ce a raina wannan dogon turanci ne irin na tsofaffi, wa ye bai san da mita ake auna fili ba? Na goge komai na bar 220 tsirara. Takarda ta zauna daram a shafi ɗaya, har ina yaba wa kaina. Na aika wa duka arba'in ɗin.

Talatin da tara ko tari ba su yi ba. Koci ɗaya ce ta amsa, daga wata ƙaramar jami'a a yankin da ake ƙanƙara. Ta ce bidiyon ya burge ta, gurbi ɗaya ya rage mata, tsakanin Tegan ne da wata yarinya, za ta duba takardunsu ta yanke cikin mako. A makon nan na tarar da Tegan a gaban madubi sanye da tsohuwar rigar sanyin babanta, ana zafin Oktoba, tana gwada yadda za ta riƙa tafiya a cikinta.

Amsa ta zo muna cin abincin rana. Warrick ya karanta a fili: yadi 220 ya yi kaɗan ga filayensu, suna yi mata fatan alheri.

"Yadi? Wane irin yadi kuma, labule za mu ɗinka?" Ya sake karantawa, fuskarsa ta canza. "Ba ta rubuta mita ba. Tsohuwar nan ta kashe mu."

Ina tsaye da butar shayi a hannuna. Na san abin da ya faru tun kafin ya rufe baki. Tegan ta dube ni, ni kuma na dubi buta.

Ranar Asabar aka yi taron rufe wasan shekara. Warrick ya tare ki a barandar kulob a gaban kowa, ya miƙa miki takardar da aka aika. Ya ce shekara takwas kina ɗora wa yarinya buri, kin zo kin zubar da shi saboda kalma ɗaya, in mutum ya tsufa ya zauna gida ya saƙa safa. Kika sa tabarau kika karanta. Kika ɗago kika dube ni sau ɗaya, ina bayansa riƙe da farantin kek.

"Ni na rubuta, Warrick," kika ce. "Tsufa ne."

Ranar Litinin kika zo gidana, Warrick yana wajen tumaki, Tegan tana makaranta. Kika ajiye takardar hannunki a kan teburin kicin, ga mita, ga yadi, ba abin da ya ɓace. Na fashe da kuka na ce yau zan faɗa musu.

"Ba za ki faɗa ba. Share hancinki. Yarinya za ta iya rayuwa tana ƙin wata tsohuwar gidan waya. In ta ƙi uwarta, a teburin wa za ta ci abinci?"

Na yarda, Goggo. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne saurin da na yi wajen yarda. Ko gardamar kunya ban yi miki ba. Na naɗe takardar na cusa ta cikin littafin girki, na dafa miki shayi.

Kin rubuta wa kocin kina gyara lissafi. Bayan kwana goma sha tara ta amsa da layi biyu, an ba ɗaya yarinyar. Ina jin haushin matar nan, ba zan ɓoye ba. Ta ga adireshin ƙasar da takarda ta fito, ta ga da idonta yadda ƙwallon ke tashi a bidiyo, tambaya ɗaya ta ishe ta. Amma wanda ke zaɓe cikin ɗaruruwa ba ya tambaya, dalilin ajiye takarda yake nema, shekara takwas na yarinya kuma ba su kai masa minti biyar ba. Sai dai laifi tudu ne. Na daɗe ina tsaye a kan nawa ina hango nata.

Kin sake rubuta wasiƙa arba'in da hannu, kin manna musu kan sarki da kanki. Biyu suka amsa cewa sun cika. Kin ce a jira shekara mai zuwa, a gwada ƙananan kwalejoji, Tegan ta ce ba za ta sake ba wa kowa sunanta ya yi wasa da shi ba. Ta kai sandunanta rumfar askin tumaki ta rataye. Kwamiti ya zauna ya ce koyar da yara ya fi ƙarfin mai shekarunki, za a nemo wani. Har yau ana nema. Ina cikin ɗakin ranar, ni na rubuta bayanin taron.

Garin da kika raba wa wasiƙu shekara talatin da ɗaya ya mayar da ke abin ba'a. In wani ya yi gajeren bugu sai a ce, "Da mita ko da yadin Glenys?" a kwashe da dariya. Tegan takan tsallaka titi in ta hango ki. Ke kuwa duk Alhamis kina nan da manjagararki, har gwiwa ta hana ki bara. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni dai na ga naki a ƙasa shekara huɗu ana takawa, kuma ina cikin masu takawar.

Tegan yanzu tana aiki a ma'aunin alkama na garin gaba, tana auna manyan motoci. Mako guda kafin ki rasu na je asibiti, kin rame har zoben aurenki yana yawo a yatsa. Kika tambaye ni ko ta koma bugawa, na ce a'a. Kika tambaya ko na faɗa mata, na ce a'a.

"Madalla," kika ce. "Ki riƙe bakinki."

Da aka sa ranar jana'iza na kira Tegan a waya. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba zan iya zuwa in yi kukan ƙarya ba." Na tsaya a bakin kabarinki ina kallon mijina yana share gumi bayan ya sauke ki, 'yar da kika fi so a duniya tana can tana auna motoci.

Ina da ƙorafi a kanki ke ma, Goggo, ko da ba a yi wa mamaci ƙorafi. Kin cuce ni da alherinki. Kin bar mini 'ya, kin tafi da mutuncina a idon kaina. Ita ma kin cuce ta, don abin da ya fitar da ita daga fili bai tsaya ga rashin gurbin ba. Ta ɗauka mutum ɗaya da ta yarda da awonta a duniya ta yi sakaci da ita. Da ta san ni ce, da ta yi fushi da ni shekara ɗaya ko biyu, ta zo ta yi kuka a kafaɗarki, wataƙila ta sake ɗaukar sanda. Kin iya awo fiye da kowa, amma wannan karon kin yi kuskure, ni kuma na ji daɗin kuskuren na ɓuya a bayansa.

Don haka na saɓa miki. Jiya na ciro takardar daga littafin girki, na sa a ambulan, na rubuta sunan Tegan, na jefa a akwatin gidan wayar da kika yi aiki. Za ta isa hannunta kafin wannan rubutu ya fito. Warrick kuma a nan zai karanta, tare da sauran 'yan baranda. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ban san ko 'yata za ta sake zama a teburina ba.

Allah Ya ji ƙanki, Goggo Glenys, Ya yi miki rahama, Ya haskaka makwancinki. Ya auna miki ladanki cif, kada a rage miki ko taku ɗaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Murray da iyalinsa, da ƙanwarki Beryl, tare da neman gafararsu, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Mu da muka rage a Wandaling, Allah Ya yafe mana abin da muka yi miki muna sane da wanda muka yi muna dariya.

Ta'aziyyata ta ƙarshe ga Tegan ce, wadda ta fi kowa rashi, kuma ta yi rashin tun shekara huɗu da suka wuce, ta hannuna. Tegan, mita ɗari biyu da ashirin, wato yadi ɗari biyu da arba'in. Haka Goggo ta rubuta, ni na goge. Kabarinta yana layi na uku daga ƙofa, kusa da shinge.

Noelene Harbutt
Wandaling