Ranar da na ƙirga fulogi daga dama

Cikin abubuwan da Allah ya nuna mini a Zango, akwai wata safiyar Talata da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsohon fita ne, wato makanike, a Magazin, unguwar masu gyaran motoci, ni kuwa makarantar allo ya kai ni, na tashi da alƙalami da ajami. Da yanar ido ta rufe masa gani, aka ba mu ranar yi masa aiki a asibiti a Bantama, in ta wuce sai bayan watanni. Ya kuma ce shi ba zai shiga tasi ba, tsohuwar motarsa ce za ta kai shi.

Ina tayar da ita ta kama ɗingishi, tana karkarwa. Baba na zaune a benci, ya karkata kai yana saurare. Ya ce in riƙa cire wayoyin fulogi ɗaya-ɗaya, wadda na cire sautin bai canza ba, nan ciwon yake. Na same ta. Da na kwance fulogin, ga shi baƙi ƙirin, kunkunniya da baƙin mai sun toshe bakinsa.

Sai zumuɗi ya ɗebe ni. Na tsige wayoyin duka, na wanke fulogai huɗun da fetur, na goge da sanfefa. Wayoyin na da lamba, na mayar da su da bisimilla. Ina murɗa makulli motar ta yi ƙara kamar bindiga, kajin maƙwabta suka watse, ta ƙi tashi. Ga rana tana ɗagawa.

"Malam, daga ina ka fara ƙirga?" in ji Baba. In zai zolaye ni haka yake kirana.

Na ce daga dama mana.

Ya yi dariya har da tari. "Wannan ba allo ba ne. Na ɗaya yana wajen bel ɗin inji, ta hagu."

Ya sa na kama hannunsa, ya lalubi wayoyin ya jera su da kansa. Bugu ɗaya ta tashi, sautinta sumul. Mun isa ana kiran sunansa.

Tun daga ranar, in na shiga sana'ar da ba tawa ba, kafin in sa hannu sai na tambayi masu ita daga ina suke fara ƙirga.