Ɓoye Wayar, Inna

Furera mai nono ta daɗe tana kallonsa a bakin kasuwar Jalingo. Dogon saurayi ne, wando kamar a jikinsa aka ɗinka, ga baƙin gilashi, ga waya a kan sanda. Yana ta yi wa mutanen Landan murmushi ta cikin wayar, amma tsohon da ya yi masa sallama ko kallo bai ishe shi ba. Da gani ɗan gari ne, wataƙila ma a Abbare uwarsa ke suyar ƙosai.

Sai ga shi gaban ƙwaryarta.

"Inna, ɓoye wayar nan da bokitin roba. Turawa Afirka ta asali suke son gani."

Wato wayar da 'yarta Mufida ke kiranta da ita daga makarantar likitanci a Masar, ita ce ke ɓata masa hoto. Furera ta tura ta ƙarƙashin faifai, don dai ta ga ƙarshen abin.

Ya kurɓi ludayi ɗaya, ya lumshe ido, ya shaida wa duniya cewa da nonon nan aka raine shi. Yana gama ɗaukar bidiyon ya juya ya tofar, ya goge baki.

"To, ɗana," in ji Furera, "Turawan naka sun ƙoshi?"