Matuƙin Jirgin da Inna Ta Yi wa Makoki

Birnin Kebbi

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Badariya, ni da mahaifiyata, Inna. Ɗana Sani ya sami gurbi a makarantar koyon aikin jirgin ruwa a Kudu, ita kuma ta ce ba da albarkarta ba. Hujjarta guda ce. Tana budurwa a Argungu aka kawo majigi, aka haska musu wani fim na ƙasar Denmak. Matuƙin jirgi ya shiga teku, matarsa tana jira a gaɓa, sai allon ya yi baƙi. Tun ranar Inna ba ta yarda da ruwan da ya wuce na randa ba. Ni kaina, jikan masunta, ban iya iyo ba, abin kunya.

Da na ji wanda ya haska fim ɗin, Malam Garba, yana raye a Argungu, na ce mu je ta ji daga bakinsa.

Hanya

A tasha Inna ta kama kujerar gaba, ta shiga koya wa direba tuƙi. A shingen jami'an tsaro aka tambaye mu ina zuwa.

"Ta'aziyya," in ji ta.

"Wa ya rasu, Hajiya?"

"Wani Bature na. Ya daɗe."

Jami'in ya dube ni, ya ɗaga mana hannu. Gonakin shinkafa suka raka mu har gari, tafiyar kamar awa guda.

Argungu

Da hantsi muka sami Malam Garba a zaure, ya sa aka kawo mana soyayyen kifi. Inna ba ta taɓa ba, ta zayyana masa fim ɗin tiryan-tiryan. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Hajiya, ai ya dawo! Lahiya lau."

"Mi kac ce?"

"Wallahi ya dawo. Da yas sauka, sai matatai tar rungume shi, har da sumba. To an hana mu nuna irin wanga. Ni kau na cire hulata na ruhe bakin injin. Kahin in ɗauke, abin ya ƙare."

Na ga ƙwalla a idon Inna, ni ma raina ya sosu. Can ta ce, "Malam, Allah shi yahe maka. Kwana nawa niy yi ina kuka, ashe mutum na can shina cin tuwon matatai."

Sai ta ja farantin kifin gabanta.

Gida

Bayan la'asar muka iso, mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Sani yana bakin ƙofa yana jiranmu. Inna ta wuce shi, sannan ta juyo ta dafa kansa.

"Tahi, Allah shi tsare. Amma ka dawo ina da rai, in gani da idona."