Safar Zoila

Tun tana yarinya sauro ya zaɓi Zoila Tapullima. A gidansu da ke bakin kogi a garin Iquitos, kowa na zaune lafiya, ita kaɗai ke ta marin ƙafafunta. Mijinta Gumercindo, matuƙin kwalekwale, yakan ce ba ruwansa da gidan sauro, muddin tana kusa babu mai kallonsa.

Wata rana tana gashin kifi da ayaba a kasuwa, wata likita mai bincike, Nelida, ta zauna cin abinci, ta lura sauro na tsallake mutane yana sauka kan Zoila. Ta roƙe ta ta riƙa wuni da safa a ƙafa, sannan ta kai wa masu binciken ba wanki, don su gano warin da ke jawo sauro. Zoila ta ɗauka raini ne, amma da aka ce don maganin zazzaɓi ne, ta amince.

Sau ɗaya suka nuna mata aikin. A jikin allo ta ga ƙwaƙwalwar sauro, abin da bai kai ƙwayar yashi ba, tana kawo haske duk lokacin da aka hura masa iskar safarta. Nelida ta ce sun toshe masa hanya ɗaya ta jin wari, sai ya ji ta wata.

"To, yaushe za ku gama, 'yata?"

"Da saura, Mama."

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ɗaliban Nelida su zo su wuce, ita tana nan da safa cikin zafin garwashi, yatsunta har sun saɓule. A wata damina zazzaɓin dengue, wanda sauro ke yaɗawa, ya kwantar da Gumercindo, bai tashi ba. Bayan jana'iza Nelida ta zo gaisuwa. Zoila ta zuba mata abinci, ba ta tambaye ta komai ba.

Da gwiwoyi suka ƙi, 'yar cikinta ta ɗauke ta zuwa Lima, babban birnin ƙasar. Garin sanyi da hazo, kifinsu ma ba ɗanɗano. Takan wuni a bakin taga tana kallon motoci. 'Yar ta ce idan kewa ce, a mayar da ita gida.

"Bar ni nan," in ji ta. "Hanyar ta yi nisa."