Ɗanladi Mai Caji da Ƙosan Mairama

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Filinge ya san rumfar Ɗanladi mai caji. Faifan sola biyu ne a kan rufi, sai tebur cike da wayoyin mutane, shi kuma yana hakimce a tsakiya da tabarau marar magani. Karatunsa a aji shida na firamare ya tsaya, amma a tashar da yawancinmu ba ma karanta Faransanci, wannan ya ishe shi zama malami.

Da caji kawai ya fara. Da manyan wayoyi suka shigo gari, sai mutane suka riƙa cewa ya duba musu abu a intanet: farashin gero, labarin ƙwallo, maganin basir. Daga maganin basir ɗin nan ne likitanci ya hau kansa, har yau kuma bai sauka ba.

Wata rana ya buɗe wani shafi a kan Sida, wato cutar ƙanjamau. Megan intanet na dala ashirin, wato sefa ɗari, yake saye, saboda haka duk shafin da ya buɗe farkonsa kawai yake karantawa ya rufe. A kan wannan shafin ya ga jerin alamomi: rama, tari, zawo, zazzaɓi, kasala. Ya haddace su tsaf. To, a ƙasar Kurfai, cikin watan takwas, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba, wa ke da ƙiba? Ɗanladi ya ɗaga kai ya dubi tasha, ya ga rabin gari sun kamu.

Bai cika faɗa da baki ba. Idan ɗan cirani ya sauko daga motar Yamai a rame, sai ya sauke tabarau, ya bi shi da kallo, ya ce, "Allah shi kyauta." Kafin mutumin ya isa gida, labarinsa ya riga shi.

Mairama mai ƙosai ta fi shekara goma tana suya daura da rumfarsa. Da kaskon nan take ciyar da 'ya'ya huɗu. Mijinta Kailu ya dawo daga Abijan da tari, ya yi wata uku a kwance, ya rasu. Da ta fita takaba ta koma bakin kaskonta duk ta zube, kamar kowace mace da ta yi jinya ta yi rashi. Ɗanladi ya sauke tabarau.

Cikin mako biyu layin ƙosai ya watse. Da malamin ya daure ya ƙara megan dala ashirin, da ya ga inda shafin ya ce ba a ɗaukar cutar ta abinci. Bai ƙara ba, mu ma ba wanda ya tambaye shi.

Mairama ba ta yi faɗa ba. Ta je asibiti aka gwada jininta, ta dawo da takarda ranar kasuwa, lokacin da tasha ta cika. Ta ajiye ta a teburin Ɗanladi, a kan wayoyin mutane.

"Ƙanena, kai ka karatun Nasara," ta ce. "Karanta muna takardag ga da ƙarfi, kowa shi jiya."

"Haba Yaya, ni mi nac ce? Ban ambaci sunan kowa ba."

"Na sani. Karanta dai."

Ya gyara tabarau, ya juya takardar gaba da baya, ya yi gyaran murya har sau biyu. Daga ƙarshe ya ce, "Sun ce negatif. Babu komi."

Aka yi ta barka. Wani direba ya ce dama shi bai taɓa yarda ba. Ni ma ina wurin, na yi mata murna har zuciyata, na kuma ji haushin Ɗanladi sosai.

Washegari na zo wucewa, ƙosai na tashi a mai, ƙamshi ya cika wurin. Ta dube ni ta yi murmushi. Na gaishe ta, na tambayi yara, na ce na riga na karya. Ban karya ba. Haka kowa ya yi ta yi, gaisuwa mai kyau daga nesa, kuɗin kuma ya tafi wurin mai waina.

Bayan wata biyu ta ɗaure kaskonta, ta kwashi yaran ta koma Baleyara wurin 'yar'uwarta, inda ba a san tarin Kailu ba.

Ɗanladi yana nan, har ya ƙara faifan sola na uku. Ranar da motar Mairama ta tashi ina zaune a bencinsa ina jiran wayata ta cika. Ya bi motar da kallo, ya ce, "In babu komi, mi as sa ta gudu?"

Mutane suka gyaɗa kai. Ni kuwa na karɓi wayata, na biya shi, na ce sai gobe.