Lallen da mahaifiyata ta aika Indiya

Shekarun baya, lokacin da nake aikin gyaran famfunan ƙauyuka a Agiye, maigidana a wurin aiki wani Ba'indiye ne. Na ce maigidana, amma a gaskiya abokina ne, don a kwano ɗaya muke cin tuwo. Shekara shida ya yi a wurinmu. Daga Cadawa har Gangara babu famfon da bai san ciwonsa ba, kuma ya iya Hausa irin tasa, wadda ke sa mata su rufe baki da mayafi suna dariya. Ba ya cin nama, don haka mahaifiyata ta ɗauke shi abin tausayi. Duk ranar da muka dawo daga daji sai ta dafa masa wake da kwaɗon zogale, tana cewa, "Wanga bawan Allah, da mi yake rayuwa?"

Hali ɗaya gare shi da ke ɓata mata rai: ba ya karɓar kyauta. Ko ƙwan zabi aka ba shi a ƙauye, sai ya yi godiya ya mayar.

Wata shekara aka sa ranar auren 'yarsa ta fari. Ya sha gaya mini cewa a al'adarsu uba ne ke kama hannun 'yarsa ya ɗora a hannun ango, kuma tun tana goye yake jiran wannan rana. Sai aka yi dace buro, wato ofishinmu, ya samo mini sitaj na ƙarin horon aiki na wata uku a ƙasarsu, aka ce mu tafi tare. Aiki ya riƙe shi har ƙurewar lokaci, ta yadda za mu sauka ana gobe ɗaurin aure.

Da mahaifiyata ta ji labarin biki, sai ta tsinko lalle a bishiyar bayan ɗakinta, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe har sau uku. Ta zuba a leda, ta naɗe da farin ƙyalle, ta ɗinke bakin ruf kamar laya. Sannan ta kira ni gefe.

"Ka tura mai can ƙasan jikka," in ji ta. "Kada ka hwaɗa mai sai kun sauka. Ka san shi da tsiyar maido kyauta. Ɗiyatai ɗiyata ce, ba a yin biki ban sa hannu ba."

Haka ake yi wa baƙo mai kunya a gidanmu, sai ya isa gida ya tarar da abu a cikin kayansa. A Yamai, da ya shiga wanka, na cusa ƙunshin a ƙasan jakarsa ta hannu, ina jin kaina wani gwanin dabara.

A lokacin an tsananta bincike a filayen jirgi, har takalmi ake sa mutum ya cire. Mun sauka a wata ƙasa don mu canza jirgi, kuma tun daga sama nake karanta duk addu'ar da na iya. Na gama sakankancewa ni za a tsare, baƙin mutum ɗan ƙauye da bai taɓa shiga jirgi ba, ga hula ga carbi. Ma'aikacin ya dubi fasfona, ya dube ni, ya yi mini nuni da hannu in wuce. Har na ɗan ji haushin yadda bai ɗauke ni a bakin komai ba.

Da aka zo kan abokina sai aka ce ya koma gefe. Na waiwaya na ga mutum huɗu tsaye a jikin bango: wani dattijo mai rawani, wani saurayi, da wata mata da mijinta. Dukkansu kamanninsu ɗaya da abokina. Layi ya ci gaba da tafiya, Turawa da baƙaƙe irina muna wucewa, su kaɗai aka tsame. Babu wanda ya tambayi dalili, su ma ba su tambaya ba, da alama sun saba.

Ina tsaye nesa kaɗan na ji an tambaye shi ko shi ya haɗa kayansa da kansa. Ya ce e. Aka tambaye shi ko wani ya ba shi wani abu ya riƙe. Ya ce a'a, yana murmushi. Wallahi ko a lokacin raina bai kawo mini ƙunshin ba, don a wurina lallen mahaifiyata ba ya cikin abubuwan da ake tambaya a kansu.

Sai ga farin ƙunshi a hannun ma'aikacin. Ya farke ɗinkin da almakashi, koren gari ya zubo a kan tebur. Aka ce wa abokina mene ne wannan, ya ce bai taɓa ganinsa ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta ƙara jefa shi cikin matsala.

Ina so in ce muku nan take na yi tsalle na je. Ban je ba. Na tsaya riƙe da takalmana, ina tunanin sitaj ɗina da abin da za a ce a Agiye in aka ji an kama ni. Sai da na ga an kama hannunsa za a shige da shi wani ɗaki, sannan na taka, na tattaro Faransancin lakol, ɗan wanda na koya a makaranta, na ce ni na sa, lalle ne, tsohuwata ce ta aika wa amarya.

Aka haɗa mu duka biyu aka zaunar. Na roƙi su kawo ruwa in kwaɓa su gani a tafin hannuna, suka ce sai an auna. Awa biyar muka yi a ɗakin nan. Muna zaune muka ji ana kiran jirginmu, aka sake kira, daga nan shiru. Da suka tabbatar ganye ne kawai, suka miƙo mana fasfo ba tare da ko sannu ba, lallen kuma suka riƙe. Jirgi na gaba mai wuri sai bayan kwana biyu.

Ranar ɗaurin auren muna kan benci a filin jirgi. Ƙanen abokina ne ya kama hannun yarinyar. Abokina ya yi waya da gida, ya dawo ya zauna. Na ce, "Maigida, ka yafe mini, ni na jawo maka." Ya girgiza kai ya ce da Hausarsa, "Kai ma jaka gare ka. Sun buɗe naka?" Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Inna ba ya ji wannan magana. Har abada. Ka rantse." Na rantse.

Yau ya daɗe da komawa ƙasarsu, gashinsa ya yi fari fat, mukan gaisa ta waya lokacin salla. Mahaifiyata ta rasu, shi ya sa nake iya ba da labarin. Har yanzu in na ga an tsame wani daga layi saboda fuskarsa, sai in ji kunyar mintocin nan da na yi tsaye da takalma a hannu. Ina kewar mutanen nan biyu ƙwarai, shi da mahaifiyata, musamman in na tuna ranar da na dawo daga sitaj. Ya riga ni dawowa, ya kawo mata hoton amarya, hannuwanta sun sha zanen lalle har gwiwar hannu. Ta fito da shi daga cikin kwalla tana nuna mini a gabansa.

"Ka ga lallena yadda ya kama!" in ji ta. Ta ƙara kai hoton kusa da idonta, ta duba mutanen da ke tsaye bayan amarya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya wajen abokina. "To kai ina kake, ban gane ka ba?"

Ya ce, "Inna, ni na ɗauki hoto."