Ƙwaƙwalwar Mota a Ruga

Maigidana direba ne, kuma tun da na san shi mota ɗaya yake ja, wata tsohuwa ƙirar Jamus mai kwasar 'yan kasuwa daga ƙauyenmu ta bi da su Nasarawa Burkullu zuwa Bukkuyum, wani lokaci har Gummi. Ya rantse shi da ita mutu ka raba. Da ya ji wata irinta ta yi hatsari an ja ta gareji a Gummi, bai yi wata-wata ba ya je ya sayo abubuwan da yake tsoron rasawa: kwayil, da fiyus, da wani ɗan akwatin ƙarfe kamar tafin hannu wanda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ya ce ƙarfe in ya karye mai walda zai haɗa, amma ƙwaƙwalwa in ta ƙone, an daina yin irinta, sai dai kaji su samu wurin kwana a cikin motar.

Ya zuba su a babban gwangwanin madara, ya cika da ɗanyar shinkafa don kada danshi ya taɓa su. Shinkafata ce, kuma na yi masa tsiya a kanta har ya gaji. Abin da ya fi ba ni haushi, ƙin ajiye gwangwanin a gida da ya yi.

"In na aje ta gidanga," ya ce, "gobe ƙanena shi zo aro, jibi ɗan Inna. Wa ni ka iya hanawa?"

Sai ya kai wa abokinsa, wani Bafulatani da rugarsu ke bayan fadama, mutumin da ko keke bai taɓa hawa ba. Tun suna yara suke tare. Hatsin abokin a rumbunmu yake kwana kowace shekara, gwangwaninmu kuma a bukkarsa. A lokacin babu wanda ya ga abin magana a ciki.

Daga baya daji ya ɓaci. Ɓarayi suka cika shi, samarin gari suka ɗauki bindigogin toka suka zama 'yan sa-kai, matan ruga suka daina kawo nono. Wata kalma ta shigo bakin kowa: infoma, wato mai kai wa ɓarayi rahoto. Ba a bukatar shaida. A gan ka ka nufi fadama, ko a ce an gan ka, ya isa. Wanda aka kira da sunan, a kan zo a ce ya zo ya amsa tambaya, kuma ban san wanda ya dawo ya faɗi abin da aka tambaye shi ba.

A wannan daminar ce motar ta fara ciwo. Tana cikin tafiya sai ta ɗauke, a tsakiyar daji, da mata da buhuna a ciki, a yi ta turi ana waige-waige. Bakanike ya ce ƙwaƙwalwa ce. Maganin yana nan bayan fadama, tafiyar da yaro zai yi kafin tuwo ya huce, amma ko da wasa na hana maigidana dosar wurin. Na ce gara mu ci kanzo da a kira shi da wancan suna. Ya kan zauna gindin motar da safe yana kallon fadama, ni kuma ina kallonsa ta zana.

Wata ranar da hantsi, ina sheƙar gero, na ji sallama. Abokin ne, tsaye ƙofar gidanmu ido na ganin ido, gwangwani a hammata, ba sanda, ba malafa. Maƙwabta sun riga sun fito, kowa ya sami abin gyarawa a ƙofar gidansa.

"Sannu, Inna-wuro," ya ce mini, wato uwargida a bakinsu, kamar yadda ya saba. Ya juya ga maigidana. "Ga ajiyakka, aboki. Ka sa ta yau. Kak ka bari sai gobe."

"Lahiya? Ai ban aika ba."

"Shanu sun yi gaba tun jiya."

"Hatsinka hwa?"

"Yara su ci."

Ko ruwa bai sha ba ya juya. A wajenmu ba a maido ajiya sai mai ita ya nema, in ba tafiyar da ba dawowa za a yi ba. Makiyayi kuma ba ya kora shanu da damina ya bar ciyawa har gwiwa don jin daɗi. Bai ce wani abu na zuwa ba, amma ni da maigidana mun ji.

Ya buɗe motar ya sa ƙwaƙwalwar. Murɗa makulli ɗaya ta tashi, tana rawa kamar sabuwa. Na ja shi cikin ɗaki.

"Mu kwashi yara mu tahi, ka ruhe bakinka," na ce. "In ka hwaɗi, za su ce wa yag gaya maka."

"In na tahi ban hwaɗi ba, da wane ido ni ka duban mutane?"

"Da idon mai rai!"

Har yau ina ganin gaskiya na faɗa. Amma mai hali ba ya barin halinsa. Bayan azahar ya miƙe a masallaci ya ce kowa ya fitar da iyalinsa, shi zai kwashe su, ba ya karɓar ko kwabo. Yinin nan da kashegari ya yi ta sawu zuwa Bukkuyum, mata da tsofaffi da jarirai da kaji, har bisa rufi. Motar ko tari ba ta yi ba. Mu ne sawun ƙarshe, muka sauka gidan wata 'yar uwar Innata.

Ɓarayin sun shiga garin bayan tashinmu. Sun ƙone rumbuna, sun kora abin da suka samu, amma mutane kaɗan suka tarar. Na ɗauka za a zo ana yi masa godiya, kuma wasu sun zo. Sai dai ba a daɗe ba gaisuwa ta fara gajarta. Matan da suka zauna bisa cinyar juna a motarsa, in na doso rijiya sai su yi shiru. Wata tsohuwa da ya ɗauka a bayansa ya sa ta a kujerar gaba, ita ce ta tambaye ni, da murmushinta, me ke cikin gwangwanin nan da Bafulatani ya kawo. Na ce ƙwaƙwalwar mota ce. Ta ce, "To."

Wata rana da safe 'yan sa-kai suka zo, samari ne na garinmu, duk na san iyayensu. Suka durƙusa suka gaishe ni. Suka ce manya na son ganin maigidana, 'yar tambaya ce, kuma ba su da abin hawa, ko zai kai su da motarsa. Ya sa hularsa, ya ce in ajiye masa kunu.

Na tsaya ƙofar gida ina jin ƙugin injin yana nisa. Tsoro ya cika ni, na yi ta roƙon Allah motar ta ɗauke kafin su fita gari, nan bakin kasuwa inda idon jama'a yake. Ba ta ɗauke ba.